Shekarar da Muka Bar wa Alhazai Fiyano

Mijina, Allah ya jiƙansa, makaɗin fiyano ne, babban akwatin kiɗan nan na Turawa. Da ƙuruciyarsa ya yi kiɗa a manyan zaurukan Legas. Da zama ya kawo mu Makka sai ya koma koyarwa. Kwana biyu a mako yana zuwa Jidda gidajen masu hali, sauran kwanakin kuma 'yan mata uku ke zuwa gidanmu a unguwar Aziziyya, iyayensu na gaya wa maƙwabta Turanci suke koyo. A shekarun nan ba a faɗin irin wannan sana'a da ƙarfi. Da Balaraben da ke da ginin ya ji, da tuni mun bar gidan, mu da fiyanon.

Fiyanon baƙi ne, irin na tsaye, wani likita da zai bar Jidda ya bar wa Malam, wato mijin nawa. Ƙarti shida suka hau da shi bene na uku, ɗayansu bai ƙara gaishe mu ba.

A Aziziyya idan aikin hajji ya gabato, masu haya kan kwashe kayansu su ba alhazai wuri, sai an watse su dawo. Mu ɗakin ƙanwata a unguwar Ka'akiyya muka koma, inda ko shimfiɗa katifa biyu sai an yi shawara. Fiyano ba shi da wurin zuwa. Malam ya kulle murfinsa, ya lulluɓe shi da bargo, ya ce wa harisin ginin, wato mai gadi, akwatin littattafai ne.

Alhazai takwas daga Sakkwato aka saukar a ɗakinmu. Kwana uku Malam yana juya cokali a abinci bai ci ba. Rana ta huɗu ya ce, "Hajiya, tuƙa tuwo da miyar kuka, in kai wa baƙin Allah sadaka."

Na san ba don lada kaɗai ba ne, amma na tuƙa.

Ya dawo yana huci. "Buta suka ɗora wa fiyanon, Hajiya. Buta, da ruwa a ciki!"

"Ba ka hana su ba?"

"Na ce musu littattafai ne. Nan take suka sauke, har da istigfari."

Sai dai cikinsu akwai wani dattijo, malami ne a garinsu. Tun da ya ji zancen littattafai ya rasa sukuni. Kullum Malam ya kai tuwo, sai ya riƙe masa hannu: wane fanni ne, fiƙihu ko nahawu? Malam ya ce gauraye ne. Ya nemi makulli, Malam ya ce ya ɓata. Dattijon ya yi ta jajanta masa kamar an yi rashi.

Bayan sun dawo daga Mina, Malam ya shiga da kular tuwo, ya tarar an yaye bargo, murfi a buɗe, mutum takwas sun kewaye fiyano. Ashe tausayi ne ya sa dattijon ya sa wani kafinta cikinsu ya buɗe makullin da ƙusa.

"Malam," in ji dattijon, "wanga akwati naka haƙora gare shi."

Malam ya ajiye kula, ya faɗi gaskiya. Dattijon ya sa aka rufe ƙofa, ya ce ba ya yanke hukunci kan abin da bai ji ba, a taɓa ya ji.

Malam ya zauna kan wata jakar tsaraba, ya zaɓi kiɗan da ya fi ƙauna, mai sanyi, wanda ya shekara talatin yana gyara shi. Ya kaɗa a hankali har ƙarshe.

"To, mun ji gwaji," in ji dattijon. "Fara kiɗin."

"Ai na gama, Allah gafarta malam."

"Ka gama? Ba waƙa, ba amshi? Wa ka yaba?"

"Ba kowa."

Dattijon ya dubi 'yan'uwansa. Ya ce shi dai bai ga wanda ya motsa ko kafaɗa ba, don haka wanga ba kiɗi ba ne, kuma kada wanda ya dami haris da zancen banza. Da hannunsa ya mayar da bargon, ya ce a zuba tuwo.

Fiyano ya tsira, gida ma ya tsira. Na zaci Malam zai dawo da murna. Ya shigo, ya zauna bakin katifa, ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Wai ba kiɗa ba ne, Hajiya."

Na yi dariya har ƙanwata ta leƙo. Shi bai yi ba. Washegari ya ce kada in sa nama a miyar alhazan.