Hoton Kura Za Ku Rataya

Shekara goma sha biyu ke nan da aka kai Yaya Habu makwancinsa, kuma wallahi da ban yi niyyar cewa komai ba. Abin da ya tunzura ni, wasu dattawa uku ne suka yi mana sallama a watan jiya. Wai su kwamiti ne, za a sa wa sabon ɗakin wasanni sunansa, suna neman hotonsa. Amma fa na fararen kayan judo, mai lambar zinare a wuya. "Ɗayan kuwa, na kokawar Legas, a bar shi a akwati, Hajiya, don mutuncin mamaci," in ji babbansu. Mutuncin mamaci! Sai yau?

Ga wanda bai san shi ba, yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. A makarantar kwana ya koyi judo, kokawar nan ta Japanawa, har ya zama zakaran ƙasa. Ranar da ya dawo da lambar, tun daga tasha aka saɓo shi a kafaɗa har bakin Kusugu. Aka ba shi ɗaki ya riƙa koyar da samari. Kafin ya koya wa kowa kayarwa, sai ya koya masa faɗuwa: ka kafe haɓa a ƙirji, ka mirgina ta kafaɗa, ka mari ƙasa da tafin hannu. Har ɗansa Nura, tun yana tatata, haka yake wurga shi a katifa muna ihu.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, Yaya na sahun gaba wajen murna. Sai wasu suka taso da maganar ɗan sunkuyon da 'yan judo ke yi wa juna kafin su kama, wai ruku'u ne ga wanin Allah. Bai yi musu ba. Ya tambayi malaminsa na zaure, ya soke sunkuyon, ya mayar da shi musabaha. Ba alƙalin da ya kira shi, ba dokar da ya taka. Duk da haka aka garƙama wa ɗakin kwaɗo, ba a jima ba muka ga ana jibge buhunan takin zamani a ciki. Ashe ɗakin ake so, aka laɓe bayan addini. Wanda ya riƙe makullin yana cikin dattawan nan uku, na gane shi duk da furfurar.

Ga mata ga yara, ba aiki, sai ya tafi Legas ya shiga reslin, kokawar da ake yi cikin igiya. Ita wannan a shirye take, tun kafin a hau an san mai faɗuwa. Aka ba shi matsayin mugu, suna Kura, fuska da baƙin fenti. Ya yi ta zalunci jama'a na tsine masa, a ƙarshe a ɗaga shi a maka da ƙasa. Ba kowa ke jure wannan ba, sai wanda ya iya faɗuwa.

Kaset ya iso gidajen kallo na Daura. Mu kuwa nan, da zarar bayan ɗan kokawa ya taɓa ƙasa, an gama da shi. Mutanenmu suka ɗauka da gaske ne. In ya zo hutun Sallah, manya da gemunsu ke ɗaga murya daga majalisa: "Kura, bana wa ya kayar da kai?" Sai ya yi murmushi ya wuce. Raina ya ɓaci na ce, "Haba Yaya, ka gaya musu shiri ne mana!" Ya ce, "Binta, alkawari na yi wa abokan sana'a. Abincin mutane da yawa ne a ciki." Da alkawarin nan ya mutu, ciwon ƙoda ya ɗauke shi, bai kare kansa ko sau ɗaya ba.

Wanda ya sha wuyar abin shi ne Nura. Kullum faɗa a makaranta, ana kiran sa ɗan rago. Har ya cire sunan ubansa daga bayan nasa ya sa na kakansa. Yaya na kwance yana jinya, yaron nan daga bakin ƙofa yake gaishe shi. Wannan ne ban yafe wa garin nan ba.

Yau kuwa kowane ɗan firamare na kallon reslin a waya, yana gaya maka ai wasa ne. Masu dariyar da ma sun ce dama sun sani. Da Yaya zai ji su, na tabbata murmushin nan zai yi. Ni ba ni da haƙurinsa.

Bara Nura, wanda yanzu magidanci ne mai fataucin hatsi, yana dawowa daga Mai'adua a kan babur, saniya ta gifta masa. Babur ya yi gabas, shi ya yi yamma. Waɗanda suka rugo da salati suka tarar da shi a tsaye, ƙujewa kawai a tafin hannu. Ya zo ya same ni ya ce: "Gwaggo, ban san yadda na mirgina ba, jikina ne ya yi da kansa." Na ce, "Ba da kansa ya yi ba." Na sa aka nemo tsohon kaset ɗin da ya rantse ba zai kalla ba. Aka ɗaga ubansa sama, haɓa ta kafe a ƙirji, tafi ya mari ƙasa. Nura ya dubi hannunsa, ya rufe fuska da hula.

Shi ya sa ranar da kwamiti suka zo, kafin in gama haɗa baƙar maganar da zan yaɓa musu, Nura da ke zaune tare da mu ya tashi ya shiga ɗaki. Ya fito da hoton Kura, fenti da komai, ya ajiye a gabansu. Ya ce, "Baba, ni ne Nura Habu. Wannan za ku rataya, ko ku bar mana sunan ubanmu."

Har yau ba su dawo ba. Hoton yana zauren Nura, inda duk mai sallama sai ya gan shi. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ƙasar nan da ya sha faɗa mata ta yi masa taushi.