Birkin Motar Malam

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, kuma har yau motarsa na nan a rumfar gidanmu a Dutse Uku. Tsohuwar mota ce ƙirar Turai, ya saye ta a hannun wani baturen kuza tun kafin aurenmu. Nakan tsokane shi cewa ita ce uwargida, ni na tarar da ita. Bai taɓa musawa ba.

Ban iya tuƙi ba, amma kujerar direba ba baƙuwata ba ce. Duk ƙarshen damina Malam kan zubar da man birki ya sa sabo, domin a cewarsa man yana shan danshi, Jos kuwa garin danshi ne. Aikin ba ya yiwuwa sai da mutum biyu. Shi yana kwance a ƙarƙashin mota da sifana da kwalba, ni ina sama ina taka birki don iska ta fita. Sai in ji muryarsa daga ƙasa: "Taka. Riƙe. Saki." Hazon safiya na sauka a kan duwatsu, shayi na hucewa, ni kuwa ina lumshe ido ina jin birkin yana ƙara tauri a tafin ƙafata, har ya zama kamar na taka dutsen niƙa. A nan ne yake cewa, "Madalla, Hajiya." Wani lokaci nakan ga kamar rabin hirar aurenmu ta ƙasan motar nan ta bi.

Bayan rasuwarsa motar ta zauna. Idan kewa ta dame ni, nakan shiga in rufe ƙofa in taka birkin nan, in ji taurin da ya bar mini. Ban gaya wa kowa ba.

A bana autarmu Safiya, wadda ta gaji son ƙarafa a wurinsa, ta ce za ta tayar da motar. Ta zo da wani man birki na silikon, launinsa kamar an tsarma zoɓo da shuni. Ta ce shi ba ya shan danshi, ba ya cin fenti, an yi shi ne don irin motocin da ke daɗewa a ajiye. Ta ɗauka tsiyayawa kawai za ta yi a kan tsohon. Allah ya sa ta fara kiran Oga Chidi, makanike ne a Laranto, tsohon abokin Malam.

Ya leƙa, ya girgiza kai. "Mama, wannan biyu ba ya haɗuwa. Roba da ya sha tsohon mai, in ya ji wannan, zai iya kumbura ko ya fara yoyo. Sai mun cire duka, roba da tiyo, mu wanke, mu sa sabo." Sannan ya ƙara da abin da ya tsaya mini a rai: "Kuma birki zai ɗan yi laushi. Ba zai zama kamar da ba."

Na ce a bar motar yadda take. Kowace roba a cikinta Malam ne ya saka da hannunsa. Idan aka cire su, aka kuma sauya taurin nan, me ya rage mini? Safiya ba ta yi gardama ba, ta dai ce, "Umma, in aka bar ta, tsatsa ce za ta cinye ta daga ciki." Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushinta.

Na yi kwanaki ina tambayar kaina yadda Malam zai ɗauki lamarin. Na san zai fara da raini, ya ɗaga kwalbar ya duba a rana, ya ce wannan na sha ne ko na mota? Zai shinshina, ya murza a yatsa. Amma na kuma san mutumin da ya ƙi kai amaryar maƙwabta a motar saboda ya ga ɗigo ɗaya na man birki a jikin taya, duk da roƙon da aka yi masa. Ina ganinsa a raina yana zagaya rumfar, yana kallon Jos ta yau da kekunan adaidaita suka cika ta, yana auna gangaren unguwarmu da ido. Mutumin nan ba zai bar 'yarsa ta sauka gangaren da robar da ta shekara tara ba.

Na amince. Da Oga Chidi ya ciro tsofaffin robobin, ya zuba mini su a tafin hannu. Ɗaya ta rugurguje tun kafin in rufe hannun. Ya zuba sabon man a hankali, ya ce in aka girgiza shi yana riƙe iska. Da suka gama na taka birkin. Ya yi laushi, kamar yadda ya faɗa. Na fita na shige ɗaki na yi kukana, don ranar ce na ji Malam ya tafi da gaske.

Da Juma'a ta zagayo, Safiya ta ce in zo ta kai ni Gada Biyu gaishe da ƙanwata. Na zauna a gefenta, gari ya yi luf bayan yayyafi, motar tana tafiya da tsohuwar muryarta. Ina ta tunanin abin da ya rage na mutum idan an cire duk abin da hannunsa ya taɓa. A gangare wata mai tallan tumatir ta faɗo titi ba ta duba ba. Safiya ta taka, motar ta tsaya cak, matar ta wuce tana ba da haƙuri.

Sai Safiya ta dubi ƙasa ta yi murmushi. Ashe ƙafata ta dama tana danne da ƙasan motar da dukan ƙarfina, inda babu birki. Ta dafa gwiwata ta ce, "Umma, ya isa. Na riƙe ta."