Malama Badi'a ta Paki da Yaƙin Zubar da Dakashi

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Badi'a a shekarar 1968 a Paki ta ƙasar Ikara. Mahaifinta Malam Sama'ila manomi ne, sunan mahaifiyarta Hajo. Ta sauke Alƙur'ani a 1981, ta kammala karatun kiwon lafiya a Makarfi a 1989.

Aiki

A 1990 aka tura ta Dandamisa, inda ta ɗaura ɗamarar yaƙi da wata al'ada, yaƙin da ya cinye ƙuruciyarta. Idan mace ta haihu, tsofaffi kan tatse dakashi, wato nonon farko mai kauri, su zubar da sunan ƙazanta, sannan su jefa tururuwa cikin wanda ya biyo baya. In tururuwar ta mutu, an yanke hukunci nonon mugu ne, sai jariri ya yi ta shan ruwa da madarar akuya har zawo ya kama shi. Babu mai tambayar ko tururuwa ta iya iyo.

Shekara talatin ta yi, har da zamanta a Taba, tana koya wa masu jego su haɗa cikin jariri da nasu, su bari bakinsa ya kama har baƙin kewayen nono, kada kuma su ba shi ruwa sai ya kai wata shida. A gabanta a ce to, Malama. Da ta juya baya a ɗauko ƙwarya.

Aure da Iyali

Ta auri Malam Ɗayyabu a 1991, ta shayar da 'ya'yanta uku kamar yadda take koyarwa, babu wanda ta binne. Dangin miji suka ce sa'a ce kawai.

Ƙarshen Rayuwa

Ta ajiye aiki a 2020. A daminar 2023 autarta Naja'atu ta dawo gida haihuwar fari, domin jaririn ya faɗo hannun uwarta. Sai dai shanyewar ɓarin jiki ta riga ta kwantar da Malama, ta kuma ɗauke mata magana. Tana kwance, ido biyu, gwaggonnin Naja'atu suka wuce ta ƙofar ɗakinta da ƙwaryar dakashin.

Rasuwa

Allah Ya karɓi ranta ranar Laraba, 16 ga Agusta, 2023. Aka yi jana'izarta a Paki bayan La'asar, inda aka yabi haƙurinta, ba a ambaci aikinta ba. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Mu'awiyya, Shamsuddeen da Naja'atu. Jikan bai kai ranar suna ba.