Jan Haƙoran Inna

Da yammacin wata Laraba cikin daminar 1965, ina aji uku a firamare, na dawo daga makaranta na tarar da Inna, mahaifiyata, ta hura wuta a gindin rumbu tana gasa masarar farko da aka karyo daga gonar bayan gida. Ta raba wa ƙannena, ta ɗauki guda ta gatsa, sai ta yamutsa fuska ta miƙo mini. "Ungo, Ladi, ta yi mini tauri." Masarar kuwa sabuwa ce, ko farce aka sa mata sai ta fashe. Da na juya ta sai na ga jini a inda ta ciza. Na ɓantare wurin na jefa wa kaji.

A ƙauyenmu, can tsakanin Malumfashi da Kafur, ba macen da ta kai Inna jan haƙora. A lokacin wannan shi ne ado. Kullum in ta gama shara da surfe, sai ta zagaya bayan ɗaki inda Baba ya dasa taba, ta tsinko fure, ta goga a haƙoranta tana haɗawa da goro har su yi jawur. A gidan biki mata kan tsokane ta da gangan don ta yi dariya su gani. Cikin wannan ja, ba mai iya raba jini da fure. Ni ce mai riƙe mata madubi, saboda haka ni kaɗai na san akwai wani abu mai tauri da ya daskare a gindin haƙoran, kamar ƙanzon tukunya, dasashinta kuma ya kumbura yana ja da baya.

Da ciwo ya hana ta cin tuwo mai zafi, aka kira wanzami. Ya turara mata hayaƙin wasu 'ya'yan itace a baki, ya nuna mana abin da ya ce tsutsotsi ne a cikin ƙoƙo, amma ciwo bai tafi ba. Daga baya Baba ya ji a kasuwa cewa wani likitan haƙori yakan zo daga Zariya ya zauna a wani asibiti a Malumfashi. Muka shiga motar kaya, ni an tafi da ni don in goya jaririnmu. Ina raɓe a bakin ƙofa na ga likitan ya jera ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa kamar ƙugiya, ya shiga kankare mata haƙora da su. Har yau ina jin ƙarar kankarar nan a kunnena, da yadda ɓarɓashin ke faɗawa cikin tasa kamar tsakuwa. Inna ta ƙanƙame hannun kujera, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Haƙoran ƙasa kaɗai ya yi, saboda jini ya yi yawa. Ya sa ma'aikacinsa ya gaya wa Baba cewa dauɗa ce ta daɗe har ta zama dutse, tana ture dasashi tana cin gindin haƙori. Ya ce za su yi rawa kwana biyu kafin su zauna, ta riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ta bar fure, kuma lalle a dawo da ita zuwansa na gaba ya yi na sama.

Muka dawo da Inna sama ja, ƙasa fari, ga giɓi tsakanin haƙoran da ba mu taɓa gani ba. Ruwan randa ma sai ta rufe ido kafin ta haɗiye. Gwaggo Asabe, yayar Baba, ta zo dubiya, ta sa yatsa ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya. "Kin kai musu haƙora a kafe, sun dawo miki da su suna lilo," in ji ta. "Abin nan da ya kankare ai shi ke riƙe da su. Ki sake komawa, ya ƙarasa miki." Mata a bakin rijiya suka ɗauka, har da masu roƙon ta buɗe baki su ga aikin boko. Kafin sati ya zagayo Inna ta koma bayan ɗaki ta tsinko fure. Da lokacin komawa ya zo Baba ya yi mata magana, ta ce ta yafe. Shi kuma noman auduga ya sha masa kai, bai matsa ba.

Kafin a yi girbin dawa na lura na ƙasan sun daina rawa, jininsu ya tsaya. Na saman ne suka ci gaba. Na daɗe ina juya maganar a raina, rannan muna ɓarar gyaɗa na yi ƙarfin hali na gaya wa Gwaggo, kaina a sunkuye. Ta dube ni ta ce ashe abin da ake koya mana a makaranta ke nan, leƙen bakin iyaye. Inna na wurin, ba ta ɗago ba.

Haƙorin sama na farko ya fita a cikin lomar tuwo. Ta tofa shi a tafin hannu, ta je ta binne a gindin rumbu. Sauran suka bi shi a hankali. Kafin in gama aji bakwai sama ba kome sai dasashi, alhali ba ta tsufa ba. Ta daina zuwa biki, ta daina waƙa a kan dutsen niƙa, in abin dariya ya kama ta sai ta kai bakin zane ta rufe. Rake da ƙuli-ƙuli sai dai ta saya mana ta zauna tana kallo. Haƙoran ƙasa kuwa da su aka kai ta kabari, amma har ta rasu in an ambaci Malumfashi cewa take can aka lalata mata baki.

Yanzu a Funtua nake zaune, kuma nakan je a wanke mini haƙora lokaci-lokaci, da inji mai fesa ruwa, ba ko ciwo. Jikokina ba su san mata sun taɓa rina haƙora ba. In ma'aikaciya ta ce in dawo ranar kaza, nakan riga ta isa wurin, in zauna a benci ina jira. Zama ɗaya ne a kujerar likita ya rage wa Inna.