Shekarar da Babu Injin da Ya Lalace

Yayana ya yi shekara ashirin da biyu yana gyaran na'urori a asibiti. Sunansa ma ya ɓace, kowa sai "Injiniya". Idan injin iskar numfashi ya tsaya, ko fitilar ɗakin tiyata ta mutu, da gudu ake zuwa ɗan ɗakinsa na bayan wurin wanki. Ya gyara, a yi ta sa masa albarka, ya dawo gida yana hura mana hanci.

Sai aka kawo sabuwar shugaba. Ta ce an daina jiran abu ya lalace, ya je ya tsara abin da za a riƙa dubawa duk mako da duk wata.

"Ranki ya daɗe, mai lafiya zan yi wa magani?"

"Shi fa."

Sati uku yana tauna biro, kansa a ɗaure. Daga baya ya liƙa wa kowane inji kati. Yau ya wanke matatar injin iska, gobe ya gwada batir, jibi ya auna ɗumin kwalbar jarirai. Shekara ta zagayo, ko ɗaya bai tsaya ba. Aka daina nemansa. Wata sabuwar nas har tambayarsa ta yi ko dubiya ya zo.

Aka yi wa shugabar canjin wuri, aka kafa kwamitin rage ma'aikata. Suka kira shi.

"Me ka gyara bana?"

"Babu. Hana su lalacewa nake yi."

"Ai ba su lalace ba."

"To, shi ne ai!"

"Kenan babu aiki."

Ya dawo gida ya kasa cin abinci. Ya maimaita min hirar sau uku, ko zan gano inda ya yi kuskure. Raina ya ɓaci matuƙa.

"Yaya, ka bar matata ɗaya sati biyu ba wanki," na ce. "Injin ya tsaya, su san darajarka."

Ya kalle ni. Na ga alamar shi ma tunanin ya taɓa zo masa.

"Ƙanwata, a sati biyun nan ɗan wa za a jona wa injin?"

Kunya ta kama ni. Washegari ya tafi ya wanke matatar.

Ƙarshen wata aka sallame shi. Har yau yana tambayata laifin da ya yi.