Sharar da Tamba Ya Karɓa a Birnin Kebbi

Duk wanda ya sayi shinkafa a kasuwar Argungu zamanin muna Jihar Sakkwato ya san Tamba. Gajere ne, bakinsa ba ya hutawa, kuma kullum akwai wani tsoho mai ƙafa ɗaya a gefen buhunansa yana ɓare gyaɗa. Na daɗe ina zaton wansa ne. Ashe jidali ne ya jawo wa kansa tun yaƙin Bama.

A lokacin Turawa sun ce kowane hakimi ya kawo samari a sa su soja. Aka tasa ƙeyar Tamba zuwa Birnin Kebbi, alhali shinkafarsa ta nuna a fadama, ba shi da kowa sai uwarsa tsohuwa. In ya tafi, tsuntsaye su ƙoshi, ita ta kwana da yunwa.

Wani Saje Kalilu ke sauraron koke a gindin tsamiya. Maƙeri ya ce ba mai ƙera wa garinsu lauje, Saje ya ce soja ma na son maƙeri. Mahauci ya yi kuka da fawarsa, aka ce can ma ana cin nama. Manoma kuwa ko kallo ba su ishe shi ba.

Tamba ya kasa kunne, ya ji harshen mutumin na Katsina ne. Kabawa da Katsinawa taubasai ne, ga shi ana watan cika-ciki, lokacin da taubashi ke karɓar shara, kyautar da hana ta abin kunya ne. Da layi ya zo kansa ko durƙusawa bai yi ba.

"Ashe bawana na anka sa ma kaki! Kai Bakatsine, ina sharata?"

Saje ya danne dariya ya ce, "Me kake so, Bakabe?"

"Wanga gajeren da at tsaye gabanka. Shi nika so, in kai ma tsohuwa."

Saje ya sallame shi gida da zagi, ya ce ya sani baɗi shi ma zai zo karɓar tasa.

Ya kuwa zo, bayan yaƙi, da sanda, ƙafa guda ta zauna Bama. Ya ce sharar da yake so ɗaki ne da tuwo. Tamba ya ɗauka kwana biyu ne. Har 'ya'yansa suka yi aure Kalilu na nan, yana kushe miyar Baiwa matar gidan yana neman ƙari.

Ina cikin waɗanda suka kai Kalilu makwanci. Da aka gama, Tamba ya tsaya kan kabarin ya ce, "Wallahi da Bama nit tahi da ta hi min sauƙi." Mutane suka yi dariya. Shi kuwa ya ɗan jira Kalilu ya rama, kamar yadda ya saba, sannan ya rufe fuska da hannun riga. Ni ma ban iya riƙe nawa hawayen ba.