Mushe Illa, malaminmu na shekarar sanƙarau

Da safen nan labari ya iske ni: Mushe Illa ya rasu jiya a Konni. 

Shi ne malaminmu a lakwal ɗin Tajaye, makarantar boko inda muke ce wa malami Mushe, shekarar da sanƙarau ya shigo da bazara. Ina 'yar aji huɗu.

Cikin mako guda ya binne matarsa da 'ya'yansa biyu. Kowa ya ɗauka zai tattara ya koma garinsu Bazaga. Bai tafi ba. Ya ari amalanken jaki, yana bin gida gida yana kai yara marasa lafiya likita.

Ƙanena Sani a kan amalanken nan ya cika, ba su kai ba. Mushe ya juyo da shi, ya yi sallama a ƙofarmu da kansa, ya durƙusa gaban innata ya ce, "Inna, na kawo miki shi. Kansa bisa cinyata yake, bai sha wuya ba."

Ban yi kuka ba ranar. Na kasa.

Da aka buɗe lakwal, benci da yawa ba kowa. Sai ya fara zuwa da wani littafi da ya rubuta da hannunsa, labarin wata yarinya Tsahara da agana ta cinye gidansu tun zamanin kakanni. Yakan karanta mana shafi biyu kafin a tashi. Ranar da Tsahara ta ɗebo ruwa ta rasa wanda za ta miƙa wa, ajin gaba ɗaya ya fashe da kuka, har da ni. Shi kuwa ya tsaya ya jira mu, sannan ya ci gaba.

Bara na gan shi a tashar Konni, ido ya yi rauni, amma da muryata ya gane ni. Na ce, "Mushe, don me ka kai labarin nan can zamanin da?"

Ya ce, "Ɗiyata, in na ce bana ne, ku ba ku iya saurare, ni ma ba ni iya karantawa."

Ban san inda mutum ɗaya yake samo irin wannan zuciya ba.

Allah Ya jiƙan Mushe Illa, Ya sada shi da iyalinsa a Aljanna. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, shi da yaran waccan shekarar.